Salar Kilishi da Na'urar Gwajin Jini

Tsokar cinyar sa mai nauyin kilo guda, in aka ɗora ta a rana yadda take, ko a tsakiyar bazara ne, bayanta kaɗai zai ƙafe ya yi ɓawo. Cikinta na nan da danshinsa, kafin kwana biyu ta soma wari. Wannan tsokar dai, in ta faɗa hannun mai kilishi, labari ya sha bamban. Zai fara zare kitse da jijiya, ya kafa wuƙa a gefe guda, yana yanka yana warwarewa a hankali, har curin da bai fi cikin hannu biyu ba ya zama sala mai faɗi wadda ake hango hasken rana ta cikinta. Nauyin yana nan yadda yake, naman ma shi ne dai na ɗazu. Abin da ya ƙaru shi ne fuskar da ke kallon rana da iska. Wanda ya taɓa bi ta Agadasawa a Kano da hantsi ya ga nama shimfiɗe sala-sala a kan gadajen kara, kafin la'asar ya bushe ƙayau.

Masu ƙera na'urorin gwajin jini da ruwa sun haura shekara 30 suna irin wannan sana'a ta mahauta. Namansu kabon ne da zinare, wuƙarsu kuma tana yanka abin da ido ba ya gani.

Irin na'urar da nake nufi, mai ciwon suga ya fi kowa saninta. Ya huda ɗan yatsa, ya dangwala jinin a bakin wani ɗan tsinke na roba, cikin daƙiƙa 5 lamba ta fito. A jikin tsinken an buga siraran layuka na kabon ko na wani ƙarfe mai daraja. Su ne ilektirod. An shafa musu enzayim, wani sinadari da ake samowa daga ƙananan halittu, wanda ba ya kula kowa a cikin jini sai suga. Duk ƙwayar suga da ta iso, sai ya fizge mata ilektiron 2, wato ƙwayoyin lantarki, wani sinadarin ya karɓa ya miƙa wa layin, su gangara cikin na'ura a matsayin ɗan guntun lantarki. Na'urar ba ta san suga ba, lantarkin take ƙirgawa: in ya yi yawa, suga ya yi yawa. Leland Clark da Champ Lyons ne suka shimfiɗa dabarar a Amurka a 1962. Injin farko ya shigo kasuwa a 1975, na ɗorawa a kan tebur, sai a 1987 aka sami mai siffar biro da mutum zai jefa a aljihu, bisa aikin masanan jami'o'in Oxford da Cranfield na Ingila.

Ga inda maganar mahauta ta shigo. Ilektiron ba ya tsalle mai nisa. Daga ƙwayar sinadari zuwa ilektirod, tazarar da zai iya ƙetarewa ba ta wuce nanomita 1 ko 2 ba, alhali nanomita ita ce kashi ɗaya in aka raba mita gida biliyan. Kaurin gashin kai guda ya kai kimanin nanomita 80,000. Saboda haka duk cinikin a fuska ake yinsa. Zinaren da ke can cikin curi, komai tsadarsa, zaman banza yake yi, kamar tsakiyar tsokar nan da rana ba ta kai gare ta ba. A ɗauki ɗan dunƙule mai santimita 1 ta kowane gefe: fuskokinsa shida, jimilla santimita 6 murabba'i. A daddatsa shi zuwa ƙananan dunƙulaye masu faɗin nanomita 10, ba a ƙara ko ƙwaya ba, sai fuskar ta koma mita 600 murabba'i, wato ta fi fulotin nan na ƙafa 50 a 100 da ake gina gida a kai. Duk abin da aka sirance har ɗaya daga cikin gefunansa ya koma ƙasa da nanomita 100, shi ake kira kayan nano.

Salar da ta fi kowace siranta a duniya sunanta girafin. Bakin fensir, wato girafayit, shimfiɗu ne na kabon a jibge, wani kan wani. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester suka riƙa liƙa salatif a jikinsa suna ɓarewa, su liƙa a kan abin da ya ɓaro su sake ɓarewa, har suka kai ga shimfiɗa guda mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Wannan ba shi da ciki ko kaɗan, gaba da baya duk fuska ne. A lissafi, giram 1 nasa yana da fuskar mita 2,630 murabba'i, giram 3 sun rufe filin ƙwallo har da saura, ga shi kuma lantarki na gudu a jikinsa kusan ba cikas. An ba Geim da Novoselov lambar Nobel a 2010. Kafin su, a 1991, Sumio Iijima na Japan ya bayyana irin wannan shimfiɗar a naɗe kamar bututu. Sai kuma zinare, da ake dafa gishirinsa da wani sinadarin lemon tsami, bisa hanyar da John Turkevich ya tsara a 1951, ya fito ƙwaya-ƙwaya masu faɗin nanomita 20 ko ƙasa da haka. A ɗiga ɗayan waɗannan a kan ilektirod, ya bushe, lantarkin da ake karantawa ya ninka, abin da a da ya yi kaɗan a gane shi ya fito fili.

Sai dai busasshen nama bai zama kilishi ba tukuna. Bayan shanyar farko ake tsoma salar cikin labu, kwaɓin tunkusa da barkono da citta da kanumfari da masoro da albasa, a sake shanyawa, sannan a gasa sama-sama a kan garwashi. Labun ne ke ba kilishi sunansa, sirantar kuma ita ke ba labu wurin kamawa. Tsoma curi cikin labu ɓarnar yaji ce kawai. Haka girafin tsirara bai san kowa ba, duk mai ilektiron na bayarwa da ya raɓe shi zai karɓa. Dole a shafa masa abin da ke gane baƙo guda: enzayim in suga ake nema, ƙwayar garkuwar jiki in cuta ake farauta, ko ɗan guntun DNA da ba ya riƙe kowa sai abokin haɗinsa. A nan zinare ya yi zarra, domin yana da wata ƙauna ta musamman ga farar wuta. Duk ƙwayar da aka maƙala wa zarrar farar wuta a gindi, da ta taɓa zinare za ta kafe ƙyam ta tsaya a tsaye. Ralph Nuzzo da David Allara ne suka nuna haka a 1983, kuma har yau ita ce hanyar da aka fi bi wajen jera masu gadi a kan ƙwayoyin zinare.

Akwai wuri guda da kwatancen ya gaza, gara in faɗe shi tun yanzu. Nama komai sirantarsa nama ne. Zinare kuwa in ya ƙanƙance ƙwarai, halinsa ma sauyawa yake. Launinsa ke fara tafiya: a 1857 Michael Faraday ya haɗa ruwan zinare a Landan ya fito ja wur, kwalabensa na nan ajiye har yau ba su dushe ba. Jan layin nan da ke fitowa a tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro a asibitocinmu, galibi ƙwayoyin zinare ne suka taru a wurin, ko da yake shi da ido ake karantawa, lantarki bai shigo ciki ba. Bayan launi sai ɗabi'a. Zinaren ɗankunne ba ya tsatsa domin ba ya hulɗa da kowa, amma a 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa ƙwayoyinsa da ba su kai nanomita 5 ba suna mai da iskar guba ta hayaƙin gawayi zuwa marar kisa, ko da cikin tsananin sanyi. Miskilin ƙarfe ya zama mai shiga tsakani. A kan ilektirod wannan na nufin sinadarin da a da sai an tura masa wuta mai ƙarfi yake sakin ilektiron, yanzu da 'yar kaɗan yake saki.

Mu koma kan gadon kara, domin mai kilishi ya san abin da yawancin masu yabon nano ba sa son faɗa. Fuskar da ke shan rana ita ce ke shan ƙura. Hunturu ya fi kowane lokaci daɗin shanya, shi ne kuma lokacin da iska ke yayyafa wa nama ƙasa. Ga ƙuda, wanda curi guda yake ba shi wurin sauka kaɗan, sala kuwa ta shimfiɗa masa fili. Shi ya sa mai tsabta ke rufa raga a kai. Jini ba ruwan famfo ba ne. Cike yake da furotin mai danƙo, wanda da ya ga fuskar zinare ko kabon zai kwanta a kai ya like ta, cikin mintuna kaɗan ilektirod ya kurumce. Ban da shi akwai masu kutse: bitamin C, da sinadarin yurik, da farasitamol ɗin da mara lafiya ya sha da safe. Kowannensu na iya zuba nasa ilektiron a kan layin, na'ura kuma ba ta tambayar daga ina, ƙirgawa kawai take. Har ita fuskar kanta tana da nata surutu, domin duk inda ƙarfe ya haɗu da ruwan gishiri, caji kan taru a wurin ko babu abin da ake nema, kuma in fuska ta ninka sau ɗari, shi ma ninkawa yake. Ragar masana ita ce siririyar fata ta roba mai ƙananan ƙofofi, irin su Nafion, wadda ke tare furotin da masu kutse ta bar abin da ake so ya wuce. Amma kowace raga tana rage rana. In ta yi kauri an tsira daga ƙuda, an kuma yi asarar rabin abin da aka sirance naman dominsa.

Masifa ta biyu duk yaron mahauci ya san ta. A jibge ɗanyar sala a kan 'yar'uwarta, su manne, a wayi gari an koma curi. Girafin ma haka yake, har ya fi. Shimfiɗunsa na jan juna, da ruwan da ke tsakaninsu ya ƙafe sai su kwanta wani kan wani su koma kusan girafayit ɗin da aka sha wahalar ɓarewa. Mita 2,630 ɗin nan a takarda take, abin da ake samu a garin girafin na zahiri sau da yawa bai kai ko rabinta ba. Ƙwayoyin zinare kuma, a zuba musu gishiri kaɗan, su dunƙule, jan ruwan ya rikiɗe shuɗi. Dabarun maganin duk na raba tsakani ne. Wasu kan watsa ƙwayoyin ƙarfe ko bututun kabon a tsakanin shimfiɗu, su zama kamar karan da ke ɗage sala daga ƙasa. A 2014 ɗakin binciken James Tour a Jami'ar Rice ta Amurka ya ɓullo da wata hanyar: a haska wutar lesa a kan wata irin leda, wurin ya ƙone ya kumbura ya zama girafin mai ramuka, a manne da ledar, babu abin da zai kife kan wani.

Ta uku ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, maganar hannu. Kilishin gwani kaurinsa ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Na ɗan koyo, nan ya ƙone, can da sauran danshi. Mai saye zai yi haƙuri ya tauna, amma na'urar gwaji ba ta da wannan gata. Tsinke na farko da na miliyan dole su faɗi lamba ɗaya a kan jini ɗaya, in ba haka ba wani zai yi wa kansa allurar insulin fiye da ƙima. To, yawancin ilektirod ɗin nano da ake wallafa labarinsu a mujallun kimiyya, da hannu ake ɗiga musu ruwan ƙwayoyin a bar shi ya bushe, ƙwayoyin su gudu su taru a gefe-gefen ɗigon, na yau daban da na gobe. Wani lokacin ma ba a san wa ke yin aikin ba. A 2006 ɗakin binciken Richard Compton a Oxford ya gano cewa wata bajintar da ake ta jingina wa bututun kabon, ashe ragowar tsatsar ƙarfen da aka yi amfani da shi wajen ƙera bututun ce ke yinta. A wanke ƙarfen tas, bajintar ta tafi.

Abin ya ishi wani masani, Martin Pumera, ganin kowa na barbaɗa wa girafin wani sabon sinadari yana shelar cewa ya fi na jiya. A 2020 shi da abokan aikinsa biyu suka cakuɗa girafin da kashin tsuntsaye, suka gwada, ya kuwa fi girafin zalla aiki, suka wallafa a mujallar ACS Nano. Ba'a ce, amma ta gaskiya: kusan duk abin da aka zuba zai ƙara lantarkin, saboda haka ƙarin lantarki shi kaɗai ba abin buga ganga ba ne. Dubban rahotanni ke fita kowace shekara, kowanne na cewa na'urarsa ta gano abin da bai kai na wancan yawa ba, a cikin tsabtataccen ruwan ɗakin gwaji. Kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa kantin magani. Tsinken suga da ya mamaye duniya ma, galibinsa tawadar kabon ce ko siririn fentin ƙarfe, da enzayim. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ni dai in aka ce mini ga sabuwar na'ura, tambayata ta farko ita ce a cikin wane jini aka gwada ta, kuma wata nawa ta yi a ajiye kafin a gwada.

Wadda ta yi man, mun gan ta a ƙasarmu, a mummunan lokaci. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan gari. Dutsen da yaro zai yi wasa da shi shekara bai cutu ba, da ya zama ƙura sai ya bi hannu da abinci ya narke a ciki. Yara akalla 400 suka rasu. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma kaɗai, binciken da aka yi gida-gida ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun mutu a cikin shekara guda.

Kafin a ba yaro maganin da ke zuƙe dalma daga jini, sai an san yawanta, kuma babban ɗakin gwaji na da nisa. Na'urar da aka shiga ƙauyukan da ita, LeadCare II, ta hannu ce mai aiki da batir. Ana ɗibar jini maikirolita 50, kimanin ɗigo biyu, a zuba cikin ruwan asid marar ƙarfi da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini ya saki dalmar da suka riƙe. A ɗiga cakuɗin a kan tsinke wanda aka watsa wa ƙananan ƙwayoyin zinare a bakinsa. Na'ura ta fara tura wuta ta fuska guda, dalmar da ke yawo a ruwan ta riƙa zuwa tana kwanciya a kan zinaren. Da yake ƙwayoyin ƙanana ne kuma a warwatse, kowace na jawo dalma ta kowane gefe, ba sai an motsa ruwan ba. Can sai na'ura ta juya wutar a hankali. Kowane ƙarfe na da matakin da yake saki, da aka kai na dalma sai ta ɓalle gaba ɗaya, kowace zarra ta bar ilektiron 2 a baya, lantarkin ya yi tsalle ya sauko. Tsayin tsallen shi ne yawan gubar. Duka-duka minti 3. A da, da zaiba ake irin wannan aiki, ruwan ƙarfen nan na cikin tsohon ma'aunin zafin jiki, tun da Jaroslav Heyrovsky ya soma aiki da ɗigonta a Prague a 1922, ga shi ita kanta guba ce. Zinaren da nemansa ya jawo annobar, ƙurarsa ce ta auna ta.

Ita ma wannan ba ta tsira daga kutse ba. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa na'urorin na iya ba da lamba ƙasa da gaskiya in daga jijiya aka ɗebi jinin. Da aka bi diddigi, a 2018, sai ga shi robar murfin wasu kwalaben ɗibar jini ce ke fitar da iska mai farar wuta, ta narke a jinin ta riƙe dalmar gam, ta hana ta zuwa wurin zinaren. Babu wanda ya yi tunanin murfin kwalba sa'ad da ake zana ilektirod.

A Zamfara kuwa matsalar ta ɗaya gefen ce. An ƙera na'urar ne don ƙasar da ake farautar dalma 'yar kaɗan, tana karantawa daga maikirogiram 3.3 zuwa 65 a kowace desilita ta jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Daga 45 ake fara ba da magani, kuma kashi 97 cikin 100 na yaran da aka gwada a ƙauyukan nan biyu sun kai nan ko sun wuce. Mafi yawansu ma sun haura 65, inda na'ura ke daina ba da lamba ta ce kawai ya yi sama, alhali likita na buƙatar bambance mai 70 da mai 300, ya kuma ga ko magani na rage ta. Dole ma'aikatan suka ƙirƙiro hanyar sirka jinin yaro da wani jinin da aka tabbatar kusan babu dalma a cikinsa, a auna, a ninka lambar. Takardar da ke cikin kwalin na'urar kuma ta ce kada zafin wurin aiki ya wuce digiri 36, a yankin da watan Afrilu ke haura 40 a inuwa.